Yaron da hannunsa ke riga bakinsa: yadda za a raba ɗan nazare da bugun 'yan ajinsu

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, riga kawai take sauyawa. Uwa ta ce mako ba ya ƙarewa sai an kira ta makaranta, ɗanta ya sake gantsara wa wani cizo. Malama ta ce tana da yarinyar da ba ta tsayawa a layi sai ta hankaɗe na gabanta. Uba ya ce ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ya tsinko bulala, amma abin sai gaba yake yi. Dukansu abin da za su yi gobe da safe suke nema. To ga shi bi da bi, yadda nake yi a aji da 'yan shekara uku zuwa biyar, da yadda nake roƙon iyaye su ɗora a gida.

Ku riƙe abu ɗaya kafin mu shiga. Yaro mai waɗannan shekaru in ya kai duka, yawanci hannunsa ne ya riga bakinsa. Yana son abu, ko ya tsorata, ko ya gaji, kalmar ba ta iso ba, hannu ya tafi. Richard Tremblay, masanin da ya shafe shekaru yana bibiyar yara a Kanada, ya nuna cewa duka da turi da cizo sun fi yawa a wajen shekara biyu zuwa uku, sannan su riƙa raguwa yayin da yaro ke samun magana da haƙuri. Wannan raguwar ce muke so mu taimaka mata, mu tare hannun, mu sa wa bakin kalma.

Kayan aiki da abin da zai ci

Ba wani abu mai tsada. Ƙaramin littafin rubutu da biro, agogon da zai yi ƙara in minti ya cika (na waya ya isa), tabarma ko matashi da za a ajiye a kusurwar aji, 'yar tsana biyu, da kwali huɗu da za ku zana fuska a kai da hannunku: ta murna, ta fushi, ta tsoro, ta baƙin ciki. In yaron mai cizo ne, ku ƙara da abin tauna na roba mai tsabta. Abin da zai ci ku da gaske lokaci ne: minti biyar kullum a gida, babba guda da zai tsaya kusa da shi a aji a lokutan da abin ya fi faruwa, da juriyar mako huɗu zuwa shida.

1. Mako guda na kallo da rubutu

A makon farko kada ku sauya komai, in ban da hana a ji wa wani ciwo. Ku raba shafi gida huɗu: ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, me yaron ya yi, me ya biyo baya. Duk sanda abin ya auku, layi ɗaya ya wadatar. Misali: "10:50, ana layin wanke hannu, na baya ya matse shi, ya juya ya mare shi, an ɗauke shi aka kai ofis."

Ruwa ba ya tsami banza, kuma littafin nan ne zai nuna muku inda tsamin yake. Na taɓa samun wani yaro ɗan shekara uku da rabi da duk muka yarda cewa dukansa ba shi da lokaci, ko yaushe ya ga dama yake yi. Da muka rubuta na kwana biyar, sai ga kusan duka abin yana faruwa kafin sha ɗaya, a layin wanke hannu, yara sun cunkushe, shi kuma ba ya son a taɓa bayansa. Muka mai da shi ƙarshen layi, muka ba shi aikin riƙe tawul. Kafin mu koya masa ko kalma ɗaya, dukan ya ragu sosai.

Ku kula da gida na huɗu, domin shi ake yawan tsallakewa. In duk sanda ya yi duka abin wasan ya zauna a hannunsa, to duka na biya masa buƙata. In duk sanda ya yi ana kiran mahaifiyarsa ta zo ta tafi da shi gida, ya gano hanyar tashi da wuri.

Hattara: abin da ido ya gani ake rubutawa. "Ya ture ta da hannu biyu", wannan bayani ne. "Ya yi mugunta", wannan hukunci ne, kuma ba zai amfane ku da komai ba ranar da za ku zauna dubawa. Ku rubuta ranakun da ba a yi komai ba su ma, da abin da ya bambanta su.

2. Ku duba jikin kafin halin

Yaron da bai yi barci ba, ko yunwa ke cinsa, ko kunnensa ke ciwo, duk dabarar da kuka kawo a banza za ta tafi. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin sa'a 10 zuwa 13 a yini da dare har da na rana, da motsa jiki na aƙalla minti 180, minti 60 daga ciki na guje-guje da tsalle-tsalle, sannan kallon waya ko talabijin kada ya wuce sa'a ɗaya. Ku auna yaronku da wannan da gaskiya. Ku kuma duba abin da yake kallo, domin yaro yana kwaikwayon naushin da ya gani tun bai fahimci labarin ba.

Sai kunne da baki. Ɗan shekara uku, ya kamata baƙo ya gane mafi yawan abin da yake faɗi. Ɗan huɗu kuwa kusan duka. In yana yawan ciwon kunne, ko sai an maimaita masa magana, ko yana nuni da hannu maimakon ya faɗa, ku nemi a yi masa gwajin ji tun yanzu, kada ku jira mataki na ƙarshe.

Ku tambayi kanku kuma me ya sauya a gida. An haifi ƙani? An yi ƙaura? Wani ya rasu, ko ya yi tafiya? Manya na faɗa a gabansa, ko yayyensa na jibgarsa? Ba don a ɗora wa kowa laifi ba ne. Malama da ta san an yi haihuwa a gidan za ta fahimci dalilin da ya sa yake ture duk wanda ya hau cinyarta.

3. Gida da makaranta su tsai da magana ɗaya

Ku zauna minti goma sha biyar, uwa ko uba da malama, ba a bakin ƙofa lokacin tashi ba, ba kuma a gaban yaron ba. Ku buɗe littafin, ku fito da abu uku kawai: jimlar da kowa zai faɗa in ya yi duka, abin da zai biyo bayan dukan, da yadda za a riƙa sanar da juna. Jimlar ta zama gajera, kalma huɗu zuwa shida, iri ɗaya a bakin kowa, har kaka da mai raino da yayye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yaro ya fi kowa saurin gane tsagar.

Akwai maganar da dole a taɓa a wannan zaman, ko da ba ta da daɗi. Iyaye da yawa suna ce wa ɗansu in an buge shi ya rama. Na fahimci tsoron da ke bayan wannan, ba wanda ke son ɗansa ya zama abin taka wa kowa. Amma ɗan shekara huɗu ba ya bambance wanda ya buge shi da gangan da wanda ya yi tuntuɓe ya faɗo masa. A wurinsa duk duka ne, duk a rama. Ku ba shi wani makamin: ya ɗaga tafin hannu, ya ce "Bari!" da ƙarfi, ya matsa, ya kira malama. Malama kuma ta ɗauki alkawarin in ya kira za ta zo, in ba haka ba ba zai ƙara kira ba.

Hattara ga iyaye: kada a tanadi hukuncin laifin safe a zartar da shi da yamma. Ƙaramin yaro ba ya haɗa su. An gama da laifin a makaranta, a gida sai a yi magana a taƙaice a wuce.

Hattara ga malamai: kada ku faɗa wa iyayen wanda aka buga sunan wanda ya yi, kada kuma labarin da za ku aika gida ya zama na ɓarna kaɗai. Uwar da kullum laifi take ji za ta fara guje muku.

4. In abin ya faru: rabin minti na farko

Nan ne aikin yake, kuma jerin yana da muhimmanci. Ku haddace shi yadda jiki zai yi shi ko da ranku ya ɓaci.

Da farko ku isa wurin da ƙafa, kada ku yi ihu daga nesa. Ku shiga tsakaninsu, ku durƙusa har idonku ya yi daidai da na mai dukan. In hannun na sama, ku riƙe wuyan hannun riƙon tarewa, ba matsa ba.

Na biyu, jimlar da kuka tsayar, da murya ƙasa-ƙasa mai nauyi: "Ba a duka. Duka da zafi." Sau ɗaya. Ku yi shiru.

Na uku, ku juya ga wanda aka buga. Ku duba wurin, ku rarrashe shi, ku ce masa abin da aka yi masa ba daidai ba ne. Wannan ne kuskuren da na fi daɗewa ina yi a farkon aikina: sai in tsugunna gaban mai dukan ina ta yi masa nasiha, wadda aka mara tana tsaye a gefe tana sheshsheka ba mai kallonta. Wata rana na ɗago na ga yadda ta haɗiye kukan ta koma wurin zamanta ita kaɗai, abin ya tsaya mini a rai har yau. Na cuce ta, shi kuma na koya masa cewa duka ne ke jawo malama kusa da shi.

Na huɗu, ku dawo ga mai dukan ku faɗa masa abin da ke ransa, tunda shi bai iya ba: "Ka ji haushi, kana son motar." Wannan ba goyon bayan laifi ba ne. Kalmar da ta ƙi zuwa ce kuke miƙa masa. Ku ɗora da abin da zai yi a madadin: "Ka ce, in ka gama ka ba ni."

Na biyar, abin da ya yi dukan dominsa kada ya kwana a hannunsa. A mayar wa mai shi, shi kuma ya bar wurin wasan na ɗan lokaci.

Kada ku tambaye shi "me ya sa ka doke shi?" a wannan lokacin. Bai sani ba, in kuma kun matsa zai ƙirƙiro amsa. Kada ku yi dogon jawabi, yaron da zuciyarsa ke tafasa ba ya jin komai bayan kalmomin farko.

Hattara, kuma wannan ce babba: kada a doke shi don a hana shi duka. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Yaron da aka mara ana ce masa "ba a duka" darasin hannun zai ɗauka, ba na bakin ba: wanda ya fi ƙarfi shi ke duka. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2018 tana shawartar iyaye su bar duka da tsawa da kunyatarwa, domin suna da alaƙa da ƙaruwar faɗa a wurin yara. Na san bulala na kawo shiru nan take. Shirun na gaban mai bulalar ne, da ya juya baya yaron da ya fi ƙanƙanta a aji zai biya.

Hattara kuma da laƙabi. Da zarar malama ta ce "ga mugun nan", yara sun ɗauka, kuma ko ba ya nan aka yi ɓarna sunansa za a kira. Kada a tsai da shi gaban aji a sa yara su yi masa ihu.

5. Wurin hucewa, sannan gyaran ɓarna

Ku shimfiɗa tabarmar nan a kusurwar da idonku ke kai, ku ajiye matashi da kwalayen fuska. Ku nuna wa duk yaran wurin tun ranar da ba a yi faɗa ba, ku ce nan ake zuwa in zuciya ta yi zafi, har ku ma ku zauna a kai wata rana su gani. In ya yi duka, ku raka shi. Ma'aunin da aka saba shi ne minti ɗaya ga kowace shekara: ɗan uku minti uku, ɗan biyar minti biyar. In yana birgima yana shure-shure, ku zauna kusa, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, ku rage magana. In ya tashi, ku mai da shi ba tare da gardama ba, ko sau nawa ne. Akwai yaran da ba sa hucewa su kaɗai, sai sun ji babba a gefe, kuma ba laifi ba ne a ba su wannan.

Hattara: ba ɗaki mai duhu, ba kulle ƙofa, ba kamun kunne ko ɗaga hannu sama, ba hana abinci ko zuwa bayi.

Da numfashinsa ya daidaita, sai gyara. Ya ɗauko tsumma mai sanyi a sa wa wanda ya buga, ko ya taya shi sake gina abin da ya rushe. In "yi haƙuri" ta fito daga bakinsa, madalla. Amma kada ku tsaya kai da fata sai ya faɗa, domin za ku samu yaron da ke mari ya ce "yi haƙuri" a numfashi ɗaya ya wuce abinsa. Kada kuma a tilasta wa wanda aka buga rungumarsa. Bayan nan magana ta mutu, ya koma wasa, ku sake masa fuska.

6. Ku koyar lokacin da rai ke sanyi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da kuke so ya yi a tsakiyar fushi, sai ya yi shi sau da yawa yana dariya tukuna. Minti biyar zuwa goma a rana sun isa, kuma a aji ku yi da yara duka, kada a ware shi.

Ku fara da sunayen abin da ake ji. Ku ɗaga kwali, ku tambaya wace fuska ce wannan, ku sa su kwaikwaya. Ku riƙa faɗin naku ma: "Na ji haushi ruwan nan ya zube, bari in ja numfashi."

Sai jimloli uku, kada su wuce haka a farko: "Bari, ba na so." "In ka gama ka ba ni." "Malama, taimaka mini." Ku ɗauko 'yan tsanan nan biyu, ɗaya ta fizge abin wasan ɗaya, ku tsaya ku tambayi yaran me za ta ce. Daga nan ku yi da shi kansa: ku riƙe motarsa, ya ce "in kin gama ki ba ni", ku ƙirga uku ku ba shi. Gobe ku ƙirga biyar. Jira ma da kaɗan-kaɗan ake koyonsa.

Akwai tsohuwar dabara da malaman reno ke ji da ita, dabarar kunkuru. In kunkuru ya ji haɗari yakan tsaya, ya shige cikin ƙoƙonsa. Yaro ma haka: ya tsaya cak, ya rungume hannayensa a ƙirji, ya ja numfashi ya hura sau uku kamar mai kashe kyandir, sannan ya fito ya yi magana. Amfaninta a fili yake, hannun da ke rungume ba ya mari. Ku yi ta yinta har ta kai in kun ce "kunkuru" a hankali jikinsa ya amsa.

Hattara: kada ku ba shi matashi ku ce ya yi ta naushi ya huce. Naushin kuke ƙara koya wa hannun. In jikinsa na neman fitar da ƙarfi, ya tura bango, ya yi tsalle goma, ya murza laka, ya ɗauki wani abu mai ɗan nauyi ya kai wani wuri.

7. Ku zama inuwarsa, ku gyara ajin

Littafin ya riga ya gaya muku lokacin da wuta ke tashi. A wannan lokacin babba ɗaya ya kasance kusa da shi, tazarar da hannu zai kai, na mako ɗaya zuwa biyu. Ku koyi alamunsa: wani yakan daskare, wani ya cije leɓe, wani ya fara ƙara murya. Da kun gani, ku sa hannu a tsakani ku raɗa masa jimlar. Duk dukan da aka tare kafin ya sauka, an rage wa ɗabi'ar ƙarfi.

Sauran gyaran na wuri ne. Abin wasan da aka fi rububi a kai a samo na biyu, ko a sa agogo kowa ya yi minti uku. A gajarta layi, a riƙa tura yara uku-uku. A sanar kafin a tashi daga wasa: "Saura minti biyu mu tattara." In akwai yaron da kullum shi ne abin harinsa, a raba musu wurin zama ba tare da sanarwa ba, a kuma koya wa wancan ya ce "Bari!" da murya.

Hattara: a janye inuwar a hankali, taku ɗaya baya duk bayan kwana biyu ko uku. In aka janye rana ɗaya, abin yakan dawo.

8. Yabo mai suna da minti biyar

Yaron da ya saba jin sunansa sai in ya yi laifi, ku sa ya fara jinsa a wani wurin. "Yaron kirki" ba ta gaya masa me ya yi ba. Ku ce: "Na ga ka ji haushi, amma ka ce bari da baki." "Ka jira har ta gama, na gani." Ku faɗa nan take, ko da abin ƙarami ne, kuma yabon ya rinjayi gyara nesa ba kusa ba.

A gida kuma minti biyar kullum, shi da uwa ko uba kaɗai, waya a ajiye. Shi zai zaɓi wasan, ku ku bi. Ba umarni, ba tambayoyi, ba gyara. Ku faɗi abin da yake yi, ku maimaita abin da ya ce, ku yaba. Wannan ginshiƙi ne a tsarin horar da iyaye da Sheila Eyberg ta ɓullo da shi a Amurka a shekarun 1970, kuma a cikin duk matakan nan shi ne iyaye suka fi rainawa, shi ne kuma na fi ganin amfaninsa.

Hattara: kada a soke minti biyar ɗin don ya yi laifi a makaranta. Ranar ce ya fi buƙatarsu.

9. In cizo ne

Jerin mataki na huɗu bai sauya ba, jimlar ce ta koma "Ba a cizo. Cizo da zafi." In haƙoran na riƙe, kada ku fizge, fizga ce ke yaga fata, ku tallafi wurin ku sa ya buɗe baki. Ku wanke da ruwa da sabulu, ku ɗora tsumma mai sanyi. In fata ta fashe, ma'aikacin lafiya ya gani a ranar, domin bakin mutum na ɗauke da ƙwayoyin cuta. A sanar da iyayen yaran biyu a ranar, kowa daban. In kun lura yana tauna wuyan riga ko fensir, ku ba shi abin taunan nan ku ce wannan ake ciza.

Hattara: kada ku rama masa cizon don ya ji yadda ake ji, kada ku sa wanda ya ciza ya rama, kada a shafa masa wani abu mai yaji ko ɗaci a baki.

10. Ƙirga duk mako, da lokacin neman taimako

Kowane ƙarshen mako ku ƙirga layukan littafin. Adadi kuke nema, ba yadda kuke ji ba, domin duka ɗaya mai zafi kan sa a manta kwana huɗu na lafiya. Ku sa rai abin zai iya ƙaruwa a kwanakin farko. Hanyar da ta saba biya masa buƙata ta toshe, zai ƙara bugun ƙofar ya ga ko za ta buɗe. Nan ne mutane da yawa ke cewa dabarar ba ta aiki su koma gidan jiya. Ku daure. In daga sau goma a mako an dawo shida, ana tafiya. In yaron da ke mari ya koma ihu, wannan ma ci gaba ne, baki ya fara karɓar aikin hannu. Bayan hutu ko rashin lafiya abin yakan ɗan dawo, sai ku koma mataki na bakwai na 'yan kwanaki.

Ku nemi likitan yara in mako shida sun wuce kuna bin matakan nan adadin bai motsa ba, ko yana ji wa yara rauni mai tsanani, ko yana cutar da kansa kamar buga kai da bango, ko yana azabtar da dabbobi da gangan, ko fushinsa na kai rabin sa'a sau da yawa. Haka in maganarsa ta yi baya da ta tsaransa, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ko ba ya kallon ido ba ya shiga wasan yara. In kuwa yaro mai sanyin hali ne ya rikiɗe dare ɗaya, ko akwai tabo a jikinsa da ba a san asalinsa ba, ko yana firgita da wani mutum, kada ku jira mako shida, ku bincika a ranar.

Likita na iya tura ku gwajin ji, ko wurin masanin matsalolin magana, ko masanin halayyar yara. Hattara: kada ku sa masa sunan wata cuta da kanku, kada kuma a ba shi maganin barci ko na tari don ya lafa. Ku tafi da littafin nan, ku roƙi malama ta ƙara shafi ɗaya na abin da aka gwada da abin da ya haifar, domin a ɗakin likita yaron zai iya zama shiru kamar ba shi ba, littafin ne zai faɗi abin da ke faruwa ƙarfe sha ɗaya saura a layin wanke hannu.